Shekara 40 da Kara a Baki: Akwai Sauran Amfanin Barin Taba?

Akwai wata magana da ke bakin kusan duk dattijon da ya manyanta yana shan taba. Idan uwargida ko babban ɗansa ya yi ƙarfin halin tayar da zancen, sai ya kaɗa kai ya ce, "Ai aikin gama ya gama. Shekara nawa ina sha? Abin da za ta yi mini ta riga ta yi." Wani ma yakan ƙara da cewa jikinsa ya saba, in ya daina yanzu ne zai kwanta ciwo, har ya kawo misalin wane da wane da suka bar taba, ba su rufa shekara ba aka kai su makwanci. Ana faɗin wannan a majalisa, ana faɗinta a teburin mai shayi da cikin tasha, kuma yawanci masu sauraro shiru suke yi, ko don ba su da amsa, ko don kunya ta hana su ja da babba.

Maganar ta daɗe a raye ne saboda akwai guntuwar gaskiya a cikinta. Tabar shekara 30 ko 40 tana barin tabon da ba ya gogewa, kuma duk wanda ya ce wa dattijo huhunsa zai koma sabo fil ya yaudare shi. Amma tsakanin "ta yi ɓarna" da "babu sauran abin ceto" akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin wannan tazarar mutane da yawa suke salwanta. Saurayi ɗan shekara 20 haɗarin tabarsa yana can gaba, sai an jima. Mai shekara 55 haɗarinsa na bana ne da baɗi. Saboda haka shi ne ya fi saurin ganin riba idan ya daina, shi ne kuma ya fi buƙatar a tallafe shi da magani da dabara a maimakon gorin da ya saba sha.

Tambayar ko barin taba da girma yana da amfani ba a bar ta ga hasashe ba. A shekarar 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka wallafa binciken da ya danganta taba sigari da ciwon dajin huhu. Shi kansa Doll mashayi ne a lokacin. Da ya ga inda alƙalumansa suka dosa sai ya ajiye, ya kuma rayu har shekara 92, ya rasu a 2005. A 1951 suka rubuta wa likitocin Birtaniya takarda suna tambayar kowa ko yana sha, da yawan abin da yake sha, daga nan aka yi ta bin likitoci maza sama da 34,000 ana rubuta wanda ya mutu da abin da ya kashe shi, har tsawon shekara 50. Sakamakon ƙarshe ya fito a 2004. Waɗanda suka zarce da sha sun yi asarar kimanin shekara 10 ta rayuwa idan aka gwada su da takwarorinsu da ba su taɓa sha ba. Wanda ya daina yana ɗan 30 ya ceto kusan duka goman. Ɗan 40 ya ceto kusan 9, ɗan 50 kusan 6, ɗan 60 kuma kusan 3. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2013 ya samu lissafi mai kama da wannan, haka ma wanda aka yi a kan mata sama da miliyan ɗaya a Birtaniya. A 2024 masana a jami'ar Michigan suka ƙiyasta cewa har mai shekara 65 yana ceto fiye da shekara ɗaya da rabi, mai 75 ma bai tashi a tutar babu ba.

Wani zai raina shekara 3. Sai dai matsakaici ne, wato an haɗa wanda bai samu komai ba da wanda ya samu 10 aka raba. Ban da haka, lissafin yawan kwana bai ƙunshi yadda kwanakin suke ba. Akwai bambanci tsakanin dattijon da ke takawa masallaci da ƙafarsa yana ɗan 70, da wanda ke tsayawa sau uku yana haki tsakanin ɗaki da zaure. Wannan ita ce kuma amsar mai cewa kowa da ajalinsa. Gaskiya ne, ajali na Allah ne. Amma mai wannan magana idan zazzaɓi ya kama jikansa ba ya zama ya jira ajali, asibiti yake nufa da shi a guje. Shi kuwa mai kafa hujja da kakansa da ya sha lofe har shekara 90, ya tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe har rabin masu shanta da ba su daina ba. Rabin da suka tsira su muke gani suna zaune a ƙofar gida. Ɗaya rabin ba sa nan balle su ba da nasu labarin.

To me ke gyaruwa, me ke ƙin gyaruwa?

Zuciya da jijiyoyin jini su ne suka fi saurin farfaɗowa, kuma su ne mutane suka fi mantawa da su, don hankalin kowa yana kan huhu. Hayaƙin taba yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ita ce dai wadda ke fita daga janareta ta hallaka iyali a ɗaki rufe. Tana maƙale wa jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Cikin kimanin sa'a 12 bayan karan ƙarshe, yawanta a jini yana komawa daidai. Hayaƙin yana kuma sa jini saurin daskarewa, yana takura jijiyoyi, kuma waɗannan ma suna sassautawa cikin makonni. Shi ya sa bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya yake raguwa da kusan rabi, haɗarin shanyewar ɓarin jiki kuma yake sauka a hankali har ya kusanci na wanda bai taɓa sha ba tsakanin shekara 5 zuwa 15. Wanda ciwon zuciya ya riga ya buge sau ɗaya, binciken da ya tattara bayanan irinsu ya nuna barin taba yana rage haɗarin mutuwarsa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Magunguna kaɗan ne a kantin kemis ke iya yin wannan aiki. Mai hawan jini da mai ciwon suga, waɗanda suka cika dakunan jiran likita a garuruwanmu, su ne taba ta fi yi wa illa ta wannan fuska, don tana ƙara nauyi a kan jijiyoyin da dama sun gaji. Ita ce kuma sanadin raunin mazakuta ga maza da yawa da ke yawon neman maganin ƙarfi ba tare da sun zargi abin da ke aljihunsu ba.

Huhu labarinsa daban ne, kuma a nan ya kamata a faɗi gaskiya duk ɗacinta. Ƙarfin huhun ɗan Adam yana kai ƙololuwa wajen shekara 20 zuwa 25, daga nan sai raguwa kaɗan-kaɗan ga kowa. Charles Fletcher da Richard Peto sun bi ma'aikata maza a Landan tsawon shekara 8 suna auna numfashinsu, suka buga abin da suka gani a 1977. Ga wasu mashaya, raguwar tana gudu fiye da ƙima. Idan suka daina, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma gudun yana komawa kusan irin na kowa. Kamar rumbu ne da ake ɗiban mudu uku kullum a maimakon ɗaya: ranar da aka koma ɗiban ɗaya ba a mayar da hatsin da aka cinye ba, sai dai abin da ya saura zai iya kai gidan ga kaka. Ƙananan jakunkunan iska da hayaƙi ya yayyage ba sa ɗinkuwa. Amma mutumin da ya fara jin numfashinsa yana sarƙewa yana ɗan 50, idan ya tsaya a nan, yana iya ƙare rayuwarsa da ɗan haki kawai. In ya zarce, tukunyar iska a gefen gado ce ke jiransa, a ƙasar da samunta da biyan kuɗinta ke gagarar yawancin gidaje.

Ciwon daji shi ne ya fi jinkirin ja da baya. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa daji, a huhu da baki da maƙogwaro da mafitsara da sauransu. Bayan shekara 10 da dainawa haɗarin dajin huhu yana sauka zuwa kusan rabin na mai ci gaba da sha, amma ba ya komawa daidai da na wanda bai taɓa sha ba. Duk da haka, a 2020 masana a cibiyar Sanger da ke Ingila tare da abokan aikinsu na Landan suka ga wani abu da ya ba su mamaki su kansu. Sun ɗebo ƙwayoyin halitta daga hanyoyin numfashin mutum 16, suka ƙirga lahanin da ke cikin kowace ƙwaya. A jikin masu sha, kusan duk ƙwayoyin sun cika da lahani. A jikin waɗanda suka daina kuwa, har da masu shekara 30 zuwa 40 suna sha, sai aka tarar da ƙwayoyi masu yawa, wani lokaci har kashi 40 cikin 100, lafiyayyu kamar na wanda bai san taba ba. Da alama akwai wasu da ke tsira a ɓoye, da zarar hayaƙi ya ɗauke sai su fito su hayayyafa su shimfiɗe hanyar. Binciken ƙarami ne, bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya yi daidai da abin da lissafin mace-mace ya daɗe yana nunawa.

Saura batun wane da ya daina ya mutu, wanda a ganina shi ne ya fi tsorata tsofaffin mashaya. Tambayar da ba a yi ita ce, me ya sa wanen ya daina? Mutumin da ya yi shekara 40 ana roƙonsa bai ji ba, ba kasafai yake ajiyewa haka kawai ba. Yawanci ƙirji ne ya fara ciwo, ko numfashi ya fara gagara, ko likita ya ja masa kunne bayan ya ga hoton huhunsa. Ciwon ya riga dainawar zuwa, shi ne ma ya jawo ta. Mutanen unguwa ba su ga ciwon da ke ɓoye ba, sun dai ga ya bar taba, sun ga an yi jana'iza, sai suka ƙulla ɗaya da ɗaya. Likitoci ma sun lura cewa wasu masu dajin huhu sukan ji taba ta fita ransu ba tare da wani ƙoƙari ba, tun kafin a gano ciwon. Haka nan tarin da ke ƙaruwa ga wasu a makonnin farko, wanda ke sa su ce "ka gani, da ina sha ban yi wannan tarin ba". A hanyoyin numfashi akwai wasu siraran gasu masu share datti zuwa sama, hayaƙi yana kashe musu kuzari. Idan suka farfaɗo sai su shiga fitar da majinar da ta taru. Wannan tari yakan lafa da kansa.

Idan ribar ta kai haka, me ya sa barin yake gagara? Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, kuma cikin kimanin sa'a 2 rabinsa ya bar jini. Wato yana saurin ba da daɗi, yana saurin janyewa ya bar mutum da buƙata. Da daɗewa ƙwaƙwalwa tana sake tsarinta, ta ƙara yawan wuraren da ke karɓarsa, har ya zama in babu shi ba ta jin daidai. Natsuwar da mashayi ke ji idan ya kunna, mafi yawanta ƙaiƙayin da karan baya ya bari ne yake sosawa. Sannan a yi wannan lissafi: mai shan kwali ɗaya a rana, kara 20, in kowane kara ya yi masa zuƙa 10, ya yi 200 a wuni, 73,000 a shekara, kusan miliyan 3 a shekara 40. Ban san wani aiki da hannu da baki suke maimaitawa haka ba in ban da cin abinci. Kowace zuƙa an ɗaure ta da wani abu: bayan tuwo, shiga bayan gida da safe, kofin shayi, doguwar tafiya a sitiyari, ɓacin rai da maigidan aiki, hirar dare da abokai. Direban da ya yi shekara 30 yana kunna kara duk lokacin da ya fita daga gari, ranar da ya daina sai hanyar kanta ta riƙa tuna masa. Wasu kuma, musamman wanda ya yi ritaya ko aka yi masa rasuwar mata, taba ce abokiyar zamansu, kuma rabuwa da ita yana zuwa da wani irin kewa na gaske wanda bai kamata a yi masa dariya ba.

Kwanakin farko suna da wuya: saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali, yawan jin yunwa, wani lokaci taurin ciki da ƙuncin zuciya. Abin yakan kai maƙura a kwana na 2 zuwa na 3, ya yi sauƙi sosai cikin mako 2 zuwa 4. Ita kanta sha'awar tana zuwa ne ta taso ta kwanta cikin 'yan mintoci, ko an sha ko ba a sha ba. Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman, wanda ba a cika faɗa ba. Hayaƙin taba yana sa hanta saurin narkar da kafin, sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi. Idan aka daina, hanta tana komawa tafiyarta ta asali, sai goron da mutum ya saba ci ya yi masa aiki kusan ninki. Ga shi kuma mai barin taba yakan ƙara cin goro don bakinsa ya samu abin yi. Sai zuciya ta riƙa bugawa, barci ya ƙaurace, hannu ya yi rawa, shi kuwa ya ɗora laifin duka a kan rashin taba ya koma. Rage goro da shayi mai kauri da rabi a makonnin farko yana sauƙaƙa wannan. Haka abin yake ga wasu magungunan asma da na taɓin hankali, har da allurar masu ciwon suga, don haka wanda ke kan magani na dindindin ya sanar da likitansa ranar da zai daina, a duba ko za a gyara masa awo. Ƙiba ma tana zuwa, kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko ga matsakaicin mutum, kuma illarta ba ta kama ƙafar illar taba ba.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne kaɗaicin dattijon Bahaushe mai shan taba. Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun ƙarshen ƙarni na 16 ta iso yankin Tambutu, har malamai suka yi saɓani a kanta, Ahmad Baba yana cikin waɗanda suka halatta ta a lokacin da ba a san illarta ba. An noma ta a ƙasar Hausa, an sha ta a lofe, an cusa garinta da kanwa a baki, mata sun rina haƙora da furenta, daga baya har masana'antar sigari aka kafa a Zariya. Yau kuwa mafi yawan malamai sun tafi a kan haramci ko karhanci, kuma a idon jama'a sigari alama ce ta rashin kamun kai. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2012 ya nuna namiji ɗaya cikin 10 yana amfani da taba ta wata siga. Wannan ƙyama tana da amfaninta, ta hana yara da yawa farawa. Amma ga wanda ya riga ya yi nisa, ta mayar da shi mai ɓuya. Yana zagayawa bayan gida, yana tauna kanumfari kafin ya shiga sahu, yana musantawa idan likita ya tambaya. Mutumin da ke ɓoye cewa yana sha ba zai iya fitowa ya ce a taimake shi ya daina ba. Wa'azi yana ba shi dalili, kuma dalili mai ƙarfi, amma ba ya gaya masa abin da zai yi da ƙarfe uku na dare a kwana na uku. Idan ya gwada ya kasa, sai ya ɗauka imaninsa ne ya yi rauni ko zuciyarsa ce ta mutu, alhali cikin masu gwadawa da ƙarfin hali kaɗai, ba magani ba mai ba da shawara, kusan 3 zuwa 5 cikin 100 ne ke kai shekara. Wani bincike a lardin Ontario na Kanada ya ƙiyasta cewa mashaya da yawa sai sun gwada sau 30 ko fiye kafin su dace. Faɗuwa a karon farko ko na biyar ita ce ƙa'ida, kuma kowane gwaji yana nuna wa mutum inda ƙafarsa ke zamewa.

Magani yana nan, kuma yana aiki. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan yi wa manya maganin barin taba. Akwai nikotin tsantsa da ake bayarwa ta filastar da ake mannawa a fata, ko cingam, ko alawar tsotsa. Wasu suna ƙyamarsa, suna cewa ai guba ɗaya ce. Nikotin shi ke kama mutum, amma kwalta da iskar guba da sauran abin da ƙonewa ke haifarwa su ne ke yin mafi yawan kisan. Amfani da nikotin tsantsa yana ƙara damar nasara da kashi 50 zuwa 60 cikin 100, kuma haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya kaɗai, musamman ga wanda ke kunna kara da zarar ya farka. Akwai ƙwayar bareniklin, wadda aka sani da sunan Champix, tana toshe wuraren da nikotin ke sauka a ƙwaƙwalwa ta rage sha'awa da daɗin sha gaba ɗaya. Akwai wadda ake kira Zyban, wadda ba a ba mai farfaɗiya. Akwai kuma saitisin, da ake samu daga wata bishiya, wanda ake sayarwa da sunan Tabex a Bulgeriya da maƙwabtanta tun shekarun 1960, mai araha ne ƙwarai. Duk waɗannan sai da shawarar likita, kuma sun fi aiki idan akwai mai bibiyar mutum yana tambayarsa yaya ya kwana. Abin takaicin shi ne ba kowane kemis ake samunsu ba a garuruwanmu, inda aka samu kuma da tsada, alhali sigari tana kan kowace tireda. Dokar taƙaita taba ta Nijeriya ta 2015 ta haramta sayar da ita kara-kara da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma kowa ya san yadda ake ciniki a bakin titi. Ga mai ƙoƙarin dainawa, karan nan ɗaya da ake saya da canjin aljihu ya fi kwali haɗari, don ba ya jin kamar ya karya alkawari.

"Zan dai rage" ita ce mafakar da yawancin dattawa ke zaɓa, kuma iyali sukan yi murna da ita. A matsayin tsani zuwa ranar dainawa, ba laifi. A matsayin masauki kuwa, ba ta fisshe shi ba. Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara bincike 141, ya nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki na mai shan 20. Mai ragewa kuma yakan zurfafa zuƙa ba tare da ya sani ba. Da aka gwada hanyoyin biyu a kan mutum kusan 700 a Ingila, kashi 22 cikin 100 na waɗanda suka yanke lokaci ɗaya suna nan ba su koma ba bayan wata 6, na masu ragewa a hankali kuma kusan kashi 15. Komawa shisha ko taba gari sauya wa ciwo ɗaki ne kawai. Sigarin lantarki kuwa masana sun rabu a kansa: akwai gwaje-gwajen da suka nuna yana taimaka wa wasu su bar ta ƙonawa, hukumomin lafiya a Ingila suna amfani da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ba ta ba da shawararsa ba saboda ba a san ƙarshen illarsa ba, ga kuma yadda yake kama yara. Wanda ya haɗa biyun yana sha, bai rabu da haɗarin ba.

Muna da wata dama da ake bari tana wucewa kowace shekara. A watan azumi mashayi yana yin sa'a 13 zuwa 14 bai zuƙa ba, ba tare da ɗan sanda a kansa ba. Kafin la'asar mafi yawan nikotin ya bar jininsa, ciwon kai da fushin da yake ji a lokacin su ne farkon wahalar dainawa. Da an kira magariba sai ya jera kara uku, ya mayar da kansa farko, gobe ya sake shan wahalar daga tushe. Kwana 30 yana biyan kuɗin dainawa ba ya karɓar kayan. Da zai haɗa daren farko da wuninsa, ya jure zuwa kwana na huɗu, da mafi tsananin ya wuce, ga tarawihi ta cike masa sa'o'in da ya saba zaman majalisa, ga kuma kusan wata guda na tsarin rayuwa da ya saɓa da wanda tabar ta saba da shi. Cingam na nikotin sai bayan shan ruwa. Batun filasta da rana ya tambayi malaminsa.

Iyali suna da rawar da za su taka, kuma yawanci ba ita suke takawa ba. Ɗan da ya ce, "Baba, wallahi kana ba mu kunya," ya ƙara tura mahaifinsa bayan gida. Wanda ya zauna kusa ya ce, "Baba, na ji akwai maganin da ke rage wahalar. In ka sa rana, ni zan saya, ni zan raka ka wurin likita," ya buɗe ƙofar da wataƙila shekara 20 ba a taɓa buɗewa ba. Uwargida ta san cewa faɗan makon farko ba da ita ake ba, zai kuma wuce. A kwashe ashana da ragowar kwali, a wanke rigunan da suka riƙe wari, abokan majalisa kuma a roƙe su kada su miƙa masa ko da wasa. Idan ya zame ya sha ɗaya a wurin biki ko zaman makoki, kada a ce "dama mun sani". A tambaye shi me ya faru a ranar, a sake sa wata rana kusa. Su ma suna da hakki a cikin maganar, don hayaƙin da ke ɗakin yana shiga ƙirjin mata da jikoki, kuma cikin mutum sama da miliyan 7 da taba ke kashewa a duniya kowace shekara, fiye da miliyan ɗaya ba su taɓa kai ta baki ba.

Likitoci da ma'aikatan jinya su ma da nasu. Tambaya ɗaya da shawarar minti biyu daga bakin likita an tabbatar tana ƙara yawan masu dainawa, amma a layin da mutum 80 ke jira, sau da yawa ana rubuta maganin hawan jini ba a tambayi taba ba. Wanda za a yi wa tiyata, dainawa mako 4 kafin ranar tana rage matsalar numfashi da ruɓewar rauni, kuma kwanciyar asibiti kanta lokaci ne da zuciya ke karɓar magana.

Wanda ya daina bayan shekaru masu yawa bai gama da asibiti ba. A Amurka ana ba masu shekara 50 zuwa 80 da suka sha kwatankwacin kwali ɗaya a rana na shekara 20 shawarar ɗaukar hoton huhu na musamman duk shekara, har sai sun yi shekara 15 da dainawa. Inda wannan bai samu ba, abin da ke hannu shi ne lura da jiki. Tarin da ya wuce mako 2 zuwa 3 yana ƙaruwa, jini a cikin kaki, dishewar murya da ta ƙi tafiya, rama ba dalili, gyambo a baki da ya ƙi warkewa, ciwon ƙirji ko ciwon sha-raɓa idan an yi tafiya, duk ba na jira ba ne kuma ba na jiƙo ba ne. Taba tana kusan ninka haɗarin kamuwa da tarin fuka, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya, gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Idan an shiga wurin likita, a gaya masa shekara nawa aka yi ana sha da kara nawa a rana, ko da an yi shekara 10 da ajiyewa, domin wannan bayani yana sauya irin gwajin da zai rubuta.